Wanne zan sha, wanne zan bari?

Wata tsohuwa ce daga wani ƙauye na gefen Mirya ta shigo ɗakin da nake zama da marasa lafiya, jikanta yana riƙe da hannunta. Muka gaisa, na tambayi mutanen gida da gajiyar hanya, sannan ta kwance bakin zanenta ta fito da wata baƙar leda ta zazzage a kan tebur. Kwalaye uku, da ƴan guntayen katin ƙwaya da aka yanka da almakashi har sunan ya kusa tafiya, da takardu biyu da suka sha ninki. Ɗaya da Faransanci, a nan Damagaram aka rubuta ta. Ɗaya da Ingilishi, ɗanta da ke sayar da atamfa a Kano ne ya kai ta wurin wani likita a can. Ƙafafunta sun kumbura har takalmin roba ya yi musu zane, kuma ta ce da ta miƙe tsaye sai gari ya dinga juya mata.

"Ɗana," ta ce, "kai da ka yi boko, duba mini. Wanne zan sha, wanne zan bari?"

Ni ba likita ba ne. Aikina zama da mutane, in saurare su, in warware musu abin da aka faɗa musu a gurguje, in bi sawun wanda ya daina zuwa karɓar magani. Irina suna da yawa ko da sunayenmu sun bambanta: masu ba da shawara a sashen cutar sida da na tarin fuka, na wurin tazarar haihuwa, ma'aikatan jin daɗin jama'a, da ƴan sa-kai masu shiga gida-gida a unguwanni. Amma ga mutumin ƙauye, duk wanda ya tarar zaune bayan tebur a asibiti likita ne, balle a nan da ginin kansa ma "likita" ake ce masa. Abin da na faɗa shi tsohuwar nan za ta yi. Za ma ta fi yarda da nawa a kan na masu takardun, don ni na ba ta kujera na tambayi jikokinta, su kuwa minti biyar suka iya ba ta, layi yana jiransu a waje.

Hanyoyi biyu ne masu sauƙi a gaban wanda aka yi wa irin wannan tambaya, kuma duka biyun ɓata ne. Ko ya ɗauki takardun ya yi musu alƙalanci, ya ce bi wannan, bar wancan, ya zama likita na uku da babu wanda ya naɗa. Ko ya ɗaga hannu ya ce "ba aikina ba ne, ki koma wurin wanda ya rubuta miki", ta tattara ledarta ta hau motar Mirya, ta ci gaba da haɗiyar duka. Na biyun ya fi kama da ladabi, shi ya sa ya fi yawa, kuma mai yin sa yana kwana da zuciya fes. A ganina aikin mai ba da shawara yana tsakanin waɗannan biyu: kada ya zaɓa, amma kada maras lafiya ya bar hannunsa sai wani mai ikon rubuta magani ya ga abin da ke cikin ledar gaba ɗaya, ya ɗauki nauyinsa.

Kafin a zargi kowa, a dubi yadda maras lafiya yake yawo a garin nan. Ya fara daga ɗakin shan magani na ƙauye ko cibiyar lafiya ta unguwa da ake kira CSI, a tura shi asibitin gunduma, daga can zuwa babban asibitin ƙasa na Damagaram. Tarin fuka yana da ƙofarsa da rajistarsa, sida tana da tata, awon ciki da tazarar haihuwa suna da tasu. Ga asibitocin kuɗi. Ga Kano, kilomita kusan 240 ta Matamaye da Daura, wadda ga ɗan Damagaram ta fi Yamai kusa nesa ba kusa ba, kuma da wuya ka sami gidan da ba shi da ɗan'uwa a can. Abin da ke haɗa duk waɗannan ƙofofi shi ne karne, wato ɗan littafin asibitin da ke hannun maras lafiya, wanda in ya ɓace ko ya cika sai a sayi sabo fari tas, tarihin ciwo ya koma daga farko. Likitoci biyu za su iya rubuta wa mutum ɗaya abin da kowannensu daidai ne a kan kansa, haɗuwarsu a ciki ɗaya ce ɓarnar. Ba mu kaɗai ba ne. A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kurakuran magani suna cin dalar Amurka biliyan 42 a shekara a faɗin duniya, ta kuma ƙaddamar da yunƙurin rage mummunar cutarwar da ake iya kauce mata da rabi cikin shekara 5. Bambancin kawai, inda ake da kwamfutar da ke riƙe da tarihin kowa, ita ke yin ƙara in magunguna biyu suka saɓa. A nan, sau da yawa mai ba da shawara ne ke fara ganin takardun biyu a kan tebur ɗaya.

Kuma takardun ba biyu ba ne, uku ne. Ta ukun babu wanda ya rubuta ta, ita ce abin da maras lafiya yake haɗiya da gaske. Mutum ya je farmasi da jika uku, wato sefa dubu uku, a aljihu, a ce masa takardar farko jika tara ce, ta biyu jika goma sha biyu. Sai ya tsinci mai araha daga nan, ya tsinci mai araha daga can, ya ƙara da jar ƙwayar ciwon jiki daga mai tebur a bakin kasuwar Dole, da jiƙon da maƙwabciya ta rantse a kansa. In ka tambaye shi "me likita ya rubuta maka?" zai miƙo takarda. In ka ce "jiya da safe me ka sha, da rana fa, da za ka kwanta fa?" sai wani labari daban ya fito. Wannan tambayar ta biyu ita ce jarin mai ba da shawara, don tana cin lokacin da likita ba shi da shi.

Haka na yi da tsohuwar nan. Muka jera kayan ledar ɗaya bayan ɗaya, jikan yana taya ta tunawa. A takardar Damagaram akwai Amlor. A ta Kano akwai Norvasc. Sunaye biyu ne, kwalaye biyu masu launi daban, amma abin da ke ciki ɗaya ne, amlodipine, maganin hawan jini, wanda mu nan muka fi kira tansiyo. Iyakar abin da ake ba babba a yini miligiram 10 ne, ita kuwa tana shan 10 da safe daga wannan kwali, 10 da dare daga wancan. Kumburin ƙafa sanannen abu ne ga wannan magani, kuma yana ƙaruwa da yawan abin da aka sha. Da ƙafar ta kumbura sai wani ma'aikacin lafiya na kusa da su, wanda bai ga ko ɗaya daga takardun ba, ya ba ta Lasilix don ya zuƙe ruwan, ga jiri ya ƙaru. Magani ya haifi ciwo, ciwon ya jawo wani magani. Guntayen da aka yanka da almakashi kuwa diclofenac ne na ciwon gwiwa, irin maganin da ke tayar da hawan jini yana kuma wahalar da ƙoda. Da na tambayi abin da take sha in cikinta ya ɓaci, ta ce ai kanwa take jiƙawa, kanwar da ke cike da sinadarin nan na gishiri da ake hana mai tansiyo.

Irin wannan ninki ya fi yawa a wurinmu saboda muna zaune tsakanin kasuwannin magani biyu. Doliprane da Efferalgan da suka zo ta hanyar Faransa, da Panadol da ya zo ta Najeriya, duka paracetamol ne, kuma babba bai kamata ya wuce giram 4 a yini ba, in ya zarce hanta ce ke biya. Uwa za ta iya haɗa biyu tana ganin ta ƙara wa ɗanta kulawa.

To ga shi na gane abin da ke faruwa, ko in ce ina kyautata zaton na gane. Me zai hana in ce mata "Inna, ajiye na Kano"? Abin da ya hana ni shi ne abin da ban gani ba. Ban auna jininta ba, ban san halin ƙodarta ba, ban san ko likitan Kano ya ga wani abu a zuciyarta da ya sa ya rubuta sauran abin da ya rubuta ba. Sanin sunan magani daban, sanin jikin da ake zuba shi daban.

Akwai ma inda abin da ya yi kama da saɓani shi ne ainihin daidai. Mai cutar sida yau yawanci ƙwaya ɗaya yake sha a yini, mai ɗauke da dolutegravir, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa a gaba tun 2019. An nanata masa, mu ma mun nanata masa, ɗaya tak, kada ka ƙara, kada ka rage. Sai tarin fuka ya kama shi, a ɗora shi kan maganin wata 6, wata 2 na farko da magunguna huɗu, cikinsu har da rifampicin, wanda ke mayar da fitsari ja. Sai kuma a ce ya ƙara wata ƴar ƙwayar dolutegravir miligiram 50 bayan awa 12. Ya zo wurinka a ruɗe, wancan ya ce ɗaya, wannan ya ce biyu. Dalilin shi ne rifampicin yana zaburar da hanta ta riƙa narkar da wasu magunguna da sauri, har abin da ya rage a jini ya kasa riƙe ƙwayar cutar. Mai ba da shawarar da ya "gyara" wannan ya mayar da mutum kan ɗaya, ya buɗe wa cutar ƙofar bijire wa magani, kuma shekaru za a yi ana biyan kuɗin alherinsa.

Akwai wata magana da ke fita daga bakinmu da sauƙi don tana kama da taka-tsantsan: "dakata da duka har mu ga likita." Na daɗe kafin in gane cewa ita ma rubuta magani ce, kuma wani lokaci ta fi kowace muni. A farkon aikina wani saurayi mai farfaɗiya ya zo mini ranar Juma'a da yamma da takardu biyu, ɗaya Gardenal, ɗaya Tegretol, yana kukan barci ya yi masa yawa. Likitan ya riga ya tashi. Na ce masa ya ɗan ajiye su zuwa Litinin a tantance. Ashe ana cikin sauya masa magani ne a hankali, ana rage ɗaya ana ƙara ɗaya, an so ya haɗa su na ƴan makonni. Ranar Lahadi da asuba ciwon ya kayar da shi kusa da murhu. Har yau in mun haɗu a unguwar Zango ya miƙo hannu mu gaisa, tabon ƙunar nake fara gani. Maganin farfaɗiya, da irin su diazepam ga wanda ya daɗe a kansu, da wasu magungunan zuciya, da na sida, da na tarin fuka, ba a yanke su dare ɗaya. Da na san haka, da na nemi lambar likitan ko na kai yaron wurin mai gadin dare na sashen gaggawa, don ko ranar Juma'a asibiti ba ya rasa wanda ke da ikon cewa ga abin da za ka sha daren nan.

Wurin da aikin ya fi nauyi kuwa shi ne inda takardu ba su nuna saɓanin komai, saboda rabin labarin yana ɓoye. Bahaushe ya ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi, amma a ɗakin likita ana ɓoye shi kullum, musamman in miji ko uwar miji tana zaune a gefe.

Wata matashiya ce, ƴaƴanta uku a jere, tana wata na biyu kan maganin tarin fuka. Mijinta ne ke kawo ta a kan babur, shi ke amsa yawancin tambayoyin da ake mata, kuma ba mugun mutum ba ne, kulawa ce ta sa. Wata rana ya fita amsa waya, sai ta ɗaga hannun rigarta kaɗan ta nuna mini damtsenta na hagu.

"Malam, ina da ashanar nan ta hutun haihuwa. Shi bai sani ba. Don Allah ya tsaya tsakaninmu."

Ba tambaya ta yi ba, so take kawai wani ya sani. Amma ni na san abin da ita ba ta sani ba. Rifampicin ɗin nan da ke rage ƙarfin maganin sida, haka yake rage ƙarfin ƙwayar tazarar haihuwa da ashanar da ake sawa a damtse, kuma tasirinsa yana ɗaukar kusan mako 4 bayan an daina shan sa. Tegretol da Gardenal ma haka suke yi. Ungozomar da ta sa mata ashanar ta yi daidai, a lokacin ba ta tari. Mai ba ta maganin tari ya yi daidai, bai san da ashana ba. Ita kuma tana zaune da tabbacin cewa ta huta, alhali ciki na huɗu zai iya shiga tana tsakiyar jinya.

Ga amana, ga haɗari, kuma duka a hannun mutum ɗaya. Wasu abokan aikina suna ganin lafiya ta fi sirri, a je a gaya wa likita kawai. Ban yarda ba. Ranar da aka ji a unguwa cewa abin da aka faɗa a ɗakin nan yana fita, babu macen da za ta sake ɗaga hannun riga, kuma saɓanin da za a riƙa yi daga nan babu mai ganinsa. Amma riƙe amana ba yana nufin ka yi gum ba. Na faɗa mata a fili abin da maganin tarin yake yi wa ashanar, na ce kada ta kuskura ta daina maganin tari saboda haka, sannan muka nemi ƙofar da za ta iya shiga ba tare da an tona ta ba. Ba dole ne mai maganin tari ya ji labarin ashana a gaban miji ba. Ita za ta iya komawa wurin ungozomar da ta riga ta san sirrin, ta nuna mata katin tarin fuka. Akwai hanyoyin da rifampicin bai cika taɓawa ba, kamar allurar wata uku, Depo ko Sayana Press da ta shigo Nijar a 2014, da kuma robar mahaifa mai jan ƙarfe. Wanne ya dace da ita, wannan na ungozoma ne da ita. Nawa shi ne in tabbatar ta isa can, don haka na tambaye ta ranar da za ta kai ƙaramin ɗanta awo, muka tsayar da ita. Da ta ƙi duka, da abin da ya rage mini shi ne in tambayi likita ba tare da suna ba, in kawo mata amsar, in sake tayar da maganar a zuwa na gaba.

Samari ma suna da nasu ɓoyon, tramol, ƙwayar rage zafin ciwo da suke sha don maye. Likita ya rubuta wa yaro amitriptyline saboda damuwa da rashin barci, bai san yaron yana watsa tramol a fada, wurin hirar samari, kowane dare ba, alhali haɗuwar biyun tana iya jawo jijjiga irin ta farfaɗiya. Yaro ba zai faɗa a gaban babansa ba. Kai zai faɗa wa, in ka tambaya ba da fuskar wa'azi ba.

Sai kuma batun tunkarar likita, wanda littattafan horo suke wucewa kamar ba komai ba ne. Asibiti wuri ne na girma da matsayi. Ƙaramin ma'aikaci ya shiga ofishin babban likita da takardar wani likitan a hannu, in bai iya bakinsa ba, sai a ji kamar ya zo kama kuskure. Abin da na ga yana aiki shi ne ka kawo labari, ka bar hukunci. "Lokotoro, Innar nan da kuka gani watan jiya, ashe tana da wata takarda daga Kano, ga ta, ga kuma abin da take sha a yini, na ce bari in nuna muku." Jeri ɗaya a takarda ɗaya: sunan kowane magani, nawa, yaushe, wa ya bayar, da abin da take ji a jikinta. Da wuya likita ya ƙi duba abin da aka tsara masa haka, don ka rage masa aiki ne. In likita ba ya nan, mai ilimin magunguna na farmasi, shi kansa ba yaron kanti ba, ya fi kowa saurin gane ninki da saɓani, kuma muna yawan mantawa da shi. Waya ta sauƙaƙa abubuwa, ana ɗaukar hoton takarda a tura ta WhatsApp har Kano, amma da izinin mai ita, kuma a rufe sunan, don hoto in ya fita ba ya dawowa.

A gaban maras lafiya kuwa, ko da ka tabbata wani ya yi sakaci, riƙe bakinka. Da ka ce "wannan likitan bai san aikinsa ba", ba ɗaya ka rushe ba, duka ka rushe, kuma wanda zai ci ribar shi ne mai tebur.

Akwai lokacin da duk wannan tsari ba shi da wuri. Mutum ya suma ko yana jijjiga, leɓe da fuska sun kumbura numfashi yana sarƙewa, ƙuraje sun feso fata tana saluɓewa har cikin baki, amai da jini ko baƙin bayan gida, ido ya yi rawaya ga mai shan maganin tari, mai ciwon sukari yana gumi yana karkarwa yana sambatu. Nan ba a jiran Litinin, ba a jiran amsar waya. A ɗauki mutum da ledarsa a nufi sashen gaggawa.

Wani lokaci kuma likitocin biyu sun ga komai, sun ji juna, kuma kowa yana kan bakansa. Yana faruwa, don aikin likita ba lissafi ba ne, akwai wuraren da masana suke bambanta da gaskiyarsu, kamar ko tsoho mai sukari zai iya azumi in an sauya masa lokutan magani ko ya ciyar kawai. A nan zaɓi na maras lafiya ne, kuma mai ba da shawara yana da abin yi da bai shafi ilimin magani ba. Wa zai riƙa ganin ka duk wata? Wanne za ka iya saye har shekara ba tare da ka sayar da akuya ba? Wanne ake samu a farmasin garin nan in ya ƙare, ko sai an aiko daga ƙetaren iyaka, iyakar da muka ga an rufe ta a 2019 da kuma 2023? Me kowannensu ya ce zai faru in ka bi ɗayan? Yawanci a nan amsa take fitowa da kanta, kuma ta fi karkata ga likitan da ke kusa, ba don ya fi ilimi ba. Abin da ba zai yiwu ba shi ne a bi rabin wannan da rabin wancan.

Na san abin da abokaina na ƙauyukan Tanut da Gure za su ce, kuma suna da hujja. Kai kana birni, likita yana ƙofa ta gaba. Mu kuwa ma'aikacin jinya ɗaya ne, wani lokaci sabon fitowa daga makaranta, kuma wanda ya shekara goma sha biyar yana raka masu sida ya fi shi sanin magungunan nan. Gaskiya ne, yana iya fin sa. Amma sanin nan abin da ya ba shi shi ne ikon buga ƙararrawa da ƙarfi, ya zauna da ma'aikacin jinyar ya nuna masa, su kira likitan gunduma tare. Alƙalamin dai ya zauna a hannun wanda in abu ya ɓaci za a tambaya, wanda kuma yake da hurumin auna jini ya sake gyarawa. In mai ba da shawara ya saba yanke hukunci don sau tara yana dacewa, na goman irin yaron nan ne na Zango.

Tsohuwar Mirya dai na riƙe ledarta muka shiga wurin likitan da ya rubuta takardar Faransancin. Ya duba jerin, ya auna ta a zaune da tsaye, ya ja tsaki a hankali, ba da ita ba. Ya soke abin da zai soke da hannunsa, ya rubuta sabuwar takarda guda, ya tura ta awon ƙoda, ya ce a gaya wa ɗan nata kada ya sake aiko da komai sai ya kira. Muka dawo ɗakina, na zana rana a jikin kwalin da ya rage, jikan ya rubuta lokacin da ajami a ƙasa don shi ya fi iya karantawa, na sa ta maimaita mini sau biyu. Sauran kwalayen na roƙe ta ta bar su a nan, ta bari da ƙyar, tana lissafin kuɗin da ɗanta ya kashe.

Bayan mako uku ta dawo, takalmin ya shige ƙafa, jirin ya tafi. Muna cikin hira na lura da ɗan ƙulli a ɗaya bakin zanen. Na ce, "Inna, wannan fa?" Ta yi dariya ta kwance, ƙwayoyi huɗu ne na ciwon gwiwa daga mai tebur.

"Ai wannan ba na likita ba ne, ɗana," ta ce. "Nawa ne."

Na jawo sabuwar takarda, na rubuta kwanan wata a sama.